Tuban Maman Edna

Duk wanda ya taɓa sauka a tashar mota ta Kafanchan da yunwa, da wuya a ce bai ci faten acha a rumfar Maman Edna ba. Sunanta na baftisma Regina, amma tun da ta haifi 'yarta sunan ya kwanta, sai fasto kaɗai ke tashinsa.

An haife ta a wani ƙauye a gindin dutsen Kagoro, gidan manoman citta. Karatunta bai yi nisa ba, iyakarsa ta bi littafin waƙoƙin coci da yatsa. Tana budurwa Gershon ya aure ta, wani ma'aikacin reluwe mai shiru-shiru, ya kawo ta Kafanchan lokacin da jirgi ke kai da kawowa. Daga baya jirgi ya ɗauke ƙafa, aiki ya mutu, Gershon ya yi ta zaman jira har ciwo ya kwantar da shi. Ya rasu Edna tana firamare. Danginsa sun so Regina ta koma ƙauye, ta ƙi. Ta kafa murhu a bakin tasha, ta aro benci, ta fara sayar da abinci. Da tukunyar nan ta riƙe yarinyar har ta gama kwalejin Gidan Waya ta zama malamar makaranta.

Mace ce mai sakin fuska. Kowa ya tsaya a bakin rumfarta, direba ne ko ɗan dako ko tsohon da ya zo karɓar fansho, magana ɗaya take yi masa: "Zauna mana, Baba. Wa zai kula da kai in ba ni ba?" Shekara da shekaru tana faɗin haka, ba wanda ya taɓa jin wani abu a ciki sai kirki.

To, ban da girki, Allah ya ba ta wata baiwa, ita ce dirama. A cocinsu, duk Kirsimeti da Ista da ranar Zumuntar Mata, sai an yi wasa a gaban jama'a. Matan ba sa son fitowa a mugun hali, kowa so take ta zama matar kirki mai addu'a. Regina ce ke ɗaukar abin da aka ƙi. Ta yi mayya, ta yi mai burukutu, ta yi mai raba aure, har Shaiɗan ta yi. In ta ɗaura jan ɗankwali ta fito tana rangwaɗa, sai coci ya rikice da dariya, tsofaffi suna tsaki suna share hawaye.

Amma wasan coci yana da ƙa'idarsa, kuma kowa ya san ta. Mai mugun hali ba ta sauka da mugun halinta. A ƙarshe dole ta durƙusa a gaban kowa ta tuba. Shugabar zumunta ta zo ta zare jan ɗankwalin, ta ɗaura mata fari, fasto ya yi addu'a, jama'a su ce amin. Daga nan ne ta koma Maman Edna. Akwai tsofaffin da ko ruwa ba za su karɓa daga hannunta ba sai sun ga an yi wannan. Ita ma kanta, in ba a yi ba, ji take kamar ta fito daga gona ba ta wanke ƙafa ba.

Shekarar da ciwo ya cinye citta a gonaki, ciniki ya faɗi, don manoma da 'yan dako su ne masu cin abincinta. A cikin wannan hali wani matashi mai suna Kevin ya zo rumfarta. Ya gama Gidan Waya bai sami aikin koyarwa ba, sai ya sayi kyamara yana ɗaukar bukukuwa. Ya ga wasanta na Ista, ya ce fim yake so ya yi, kuma babu wadda za ta iya sai ita.

Labarin na wata gwauruwa ce mai sayar da abinci, mai daɗin baki, wadda ke jan maza da murmushi da kuka har ta raba su da abin hannunsu. Wani ta raba shi da babur, wani tsohon hedimasta ta raba shi da gida, wani ɗan kasuwa ta kwashe masa ɗakin ajiyar citta kaf. Kevin ya ce abin dariya ne, amma dariya mai ɗaci.

Regina ta yarda. Ya sa wa matar cikin labarin suna Madam Beatrice. Sai dai duk lokacin da aka kira Beatrice, Regina sai ta waiga tana neman wadda ake kira. Aka sake, aka sake, har rana ta yi zafi.

Kevin ya ce, "Mama, ke ce Beatrice fa."

"Ɗan nan, kunnena bai san sunan nan ba. A coci ba a canza mini suna, ɗankwali kawai ake canzawa."

Ya gaji ya ce to a bar shi Maman Edna. Wurin ɗauka ma bai wahalar da kansa ba, ga rumfa, ga benci, ga tukunya tana tafasa. Ɗan kasuwar kuwa Alhaji Ja'afaru ne ya fito a matsayinsa, dillalin citta na gaske, wanda iyayensa da kakanninsa duk a kasuwar Kafanchan suka tsufa. Mutum ne mai son raha, ya daɗe yana cin abinci a wurinta, ya ce shi ma bari a gan shi a waya.

Regina ta yi wasan da ba ta taɓa yin irinsa ba. In ta ce "Wa zai kula da kai in ba ni ba?" sai ta sassauta murya ta kalli mutum ta ƙasan ido. In za ta yi kukan ƙarya sai ta kama bakin zaninta ta danna a ido, kafaɗa tana rawa, ta saci kallo ta ga ko ya faɗa. Masu riƙe wa Kevin kaya har juya baya suke don dariya.

Ranar ƙarshe aka sa ta shiga mota da jaka, ta leƙo ta taga tana dariya, Alhaji Ja'afaru yana bin motar da takalmi ɗaya. Kevin ya ce an gama.

Ta ce, "An gama yaya? Ban tuba ba."

"Wannan ba diramar coci ba ce, Mama. A nan ita ce ta ci."

"Mugu ya ci? To wa zai cire mini ɗankwali?"

Ya yi dariya ya ce za su duba daga baya. Ta koma gida ranar jikinta a sanyaye, amma ta ce wa kanta yaran zamani sun fi ta sanin aikinsu.

Fim ya fito, sunansa Maman Edna. Ya bi wayoyi daga Kafanchan har Zonkwa, har Kwoi, har Kachia. Da fari abin daɗi ne. 'Yan acaɓa in sun wuce sai su ɗaga mata hannu suna kwaikwayon muryarta. Sannu a hankali dariyar ta canza launi. Wata mata ta zo ta janye mijinta daga kan benci, cokali a hannunsa. Direbobin da suka saba suka fara zama a rumfar gaba, wai don a zauna lafiya a gida. Waɗanda suka maye gurbinsu kuwa ba yunwa ce ta kawo su ba, sai su zauna suna kallonta suna cewa ta faɗi maganar nan. Ta daina faɗinta. Mutum ya zo, ta zuba masa, ta miƙa, kanta a ƙasa. Sai aka ce ai ga shi nan, kunya ta kama ta, ashe da gaskiya a ciki. Wasu har suka fara lissafin yadda gwauruwa mai tukunya ɗaya ta kai 'ya kwaleji.

Duk wannan da ta iya haɗiyewa. Abin da ba ta iya haɗiyewa ba shi ne maganar auren Edna.

Edna tana da saurayi, Endurance, ma'aikacin ƙaramar hukuma, yaro mai ladabi. Iyaye sun riga sun gana, saura a sa rana a fara sanarwa a coci. Uwarsa Madam Hellen tsohuwar shugabar makaranta ce, maganarta ce magana a gidansu. Sai ga saƙo daga wurinta, wai a dakata tukuna.

Edna ba ta yi kuka a gaban uwarta ba. Ta dai daina cin abinci sosai, in ta dawo daga makaranta sai ta shige ɗaki. Regina ta sa zaninta mai kyau ta tafi gidan Madam Hellen da hantsi. Aka ba ta kujera a baranda, ba a shigar da ita falo ba.

Bayan gaisuwa ta ce, "Madam, na zo ne a kan yaran nan. Abin da kika gani wasa ne."

Madam Hellen ta gyara gilashinta. "Maman Edna, ni na yi makaranta, na san fim. Ba sai an gaya mini ba."

"To mun gode Allah."

"Amma sunan wa aka kira a ciki?"

"Nawa."

"Rumfar wa?"

Madam Hellen ta ci gaba.

"Maganar da kike yi wa mazan nan, yaron ne ya rubuta miki, ko taki ce tun da?"

"Tawa ce, Madam, amma ba da wannan nufi ba."

"Na zauna na kalle shi har ƙarshe. Ina jira in ga inda za ki durƙusa, in ce to, darasi ne aka koya wa jama'a. Sai na gan ki a mota kina dariya. Shekara nawa ina ganin wasanki a coci, ban taɓa ganin kin tafi da shi gida ba sai wannan karo. 'Yan'uwan maigidana suna kira daga Jos suna tambaya, wai ita ce surukar? Me zan ce musu?"

"Ki ce musu Edna ba ta yi komai ba."

"Edna yarinya ce mai hankali. Amma a hannun wa ta tashi?"

Regina ta fito ba ta ma san ta wace hanya ta bi ba. Abu ɗaya ta riƙe daga maganar: da an ga ta tuba, da ba a kai nan ba. To sai a nemo Kevin ya ɗauki tuban, a liƙa a ƙarshen fim ɗin.

Wayarsa ba ta shiga. Ta rufe rumfa ta hau acaɓa zuwa Gidan Waya, aka ce ya tashi daga ɗakin da yake haya. Wani ya ce yana Kaduna, wani ya ce Abuja. Ta yi ta bin bakin mutane har ta ji yana ɗaukar wani biki a Kasuwan Magani. Ta shiga mota da sassafe ba ta karya ba, aka yi ta tsayawa a hanya, ta isa rana ta take. Ta same shi a bayan rumfar biki yana cin shinkafa a tsaye.

Ya yi murna da ganinta. "Mama, kin zama tauraruwa. Kin san mutum nawa suka kalle ki?"

"Ban zo don wannan ba. Ka ce za mu duba daga baya. Yau ne bayan."

Ta faɗa masa komai. Ta ce ba ta neman wani abu mai yawa, ya kawo kyamara coci, ta ɗaura ja, ta durƙusa, a ɗaura mata fari, shi ke nan. Ko a nan bayan rumfa ma ta yarda, ta zo da ɗankwalayen a jaka.

Kevin ya ajiye faranti. "Mama, in kin tuba fim ya mutu. Abin da mutane ke so ke nan, ba ta tuba ba. Kuma ko na liƙa, wanda ke cikin wayoyin mutane fa? Zan bi su ɗaya-ɗaya in canza?"

"Ka yi dai. Madam Hellen kaɗai nake so ta gani."

"Ni da nake shirin na biyu. Wannan karo har fasto za ki yaudara."

Regina ta zube a ƙasa a gaban yaron da ta girme wa uwarsa, ta kama ƙafar wandonsa. Ta ce, "Kevin, 'ya ɗaya gare ni. Don Allah." Hawaye na zuba, ta kai bakin zani ido.

Ya tsaya yana kallonta, ya girgiza kai a hankali. "Kin gani ko, Mama? Wannan ɗin nake faɗi. Ba wanda ya iya shi kamarki."

Aka kira shi daga cikin biki, ya ce yana zuwa yanzu. Ta jira har inuwa ta juya. Da ta ga motar ƙarshe za ta tashi, ta kakkaɓe gwiwarta ta tafi.

Alhaji Ja'afaru ya ji labari a kasuwa, abin ya dame shi. Shi ma yana shan tsiya, yara na tambayarsa ina ɗaya takalmin, amma shi namiji ne, tasa ta tsaya a dariya. Ya zo rumfa ya ce, "Maman Edna, tashi mu je. Ni aka ce kin cuta, to ni zan faɗa da bakina." Ta ji kamar an sauke mata dutse daga ka.

Ya sa babbar riga, suka tafi. Ya gaida Madam Hellen da girmamawa, ya ce, "Malama, wallahi baiwar Allah nan ko ƙwayar citta ɗaya ba ta taɓa ɗauka mini ba. Ɗakin ajiyata yana nan, ki aika a duba. Na fi shekara goma ina cin abincinta, ban taɓa ganin mace mai amana irinta ba. In da a cikin danginmu take, da ni da kaina zan nema wa ɗana 'yarta."

Madam Hellen ta saurare shi har ya gama. Ta ce, "Alhaji, ka rufe shagonka da rana tsaka, ranar kasuwa, ka biyo ta har nan?"

"Ƙwarai."

"Ita ta ce ka zo?"

"A'a, ni na ga ya kamata."

Ta juya ta kalli ƙanwarta da ke tsintar wake a gefe, ta ce, "Kin ji ko? Shi ya ga ya kamata." Ƙanwar ta sunkuyar da kai tana danne dariya.

Kafin yamma magana ta zaga unguwa, wai Alhajin har yanzu bai warke ba. Uwargidansa Mero ta aiko a gaya wa Regina, ba da faɗa ba, cewa don Allah ta bar ba shi abinci.

Saura hanya ɗaya. Dattawan ikilisiya suka kira ta. Ba su ce ta yi zunubin da ke cikin fim ba, sun ce dai ta sa masu raunin bangaskiya tuntuɓe, ta kuma jawo wa zumunta magana. In tana so, ta tsaya a gaban jama'a ranar Lahadi ta nemi gafara, a yi mata addu'a, magana ta mutu. Fasto ya ce ya yi magana da Madam Hellen, ta ce za ta zo ta gani.

Da Edna ta ji, ta fito daga ɗaki ta tsaya a kan uwarta tana wankin tukwane.

"Mama, gafarar me za ki nema?"

"Ko ta mene ne."

"In kin tsaya a can, kin ce da gaske ne ke nan. Wanda ke shakka ma zai daina."

"In ban tsaya ba fa? Ki zauna a ɗaki har ki tsufa?"

"Endurance ya ce in ba shi lokaci."

"Endurance ya taɓa ce wa uwarsa a'a? Ko a kan launin riga?"

Regina ta ci gaba da dirzar tukunya. Ta ce, "Na durƙusa wa Kevin. Durƙusa wa Allah ne zai gagare ni?"

Ranar Lahadi coci ya cika har waje, har waɗanda ba 'yan cocin ba sun zo. Bayan wa'azi fasto ya kira ta da sunanta na baftisma. Ta fito. Wurin nan ta san shi kamar tsakar gidanta, nan ta sha tsayawa tana sa mutane dariya. A wasa tana da maganar da za ta faɗa, yau ba ta da ita. Ta durƙusa ta ce, "'Yan'uwa cikin Ubangiji, na yi kuskure. Ban cuci kowa ba, amma na yi kuskure. Ku gafarta mini saboda 'yata." Ta tuna Gershon, ta tuna shekarun hayaƙi da ruwan sama a bakin tasha, sai kuka ya ƙwace mata, irin wanda ba ta yi ba tun ranar jana'izarsa. Ba ta san lokacin da hannunta ya kama bakin zani ya danna a ido ba, kafaɗunta suna rawa.

Daga bencin baya, wurin matasa, wani ya yi 'yar dariya ya toshe baki. Wani ya kama. Dariyar ta taho gaba a hankali, layi bayan layi, mutane suna sunkuyar da kai suna cije leɓe. Wayoyi suka ɗago. Regina ta ji, ta ɗaga ido ta ƙasan zani don ta ga abin da ke faruwa, sai dariyar ta fashe gaba ɗaya, don daidai haka take satar kallo a fim. Fasto ya buga tebur, ya yi addu'a da sauri. Amin ɗin da aka amsa ba ta da ƙarfi.

A bakin ƙofa ta tari Madam Hellen. Matar ba ta yi dariya ba, fuskarta ma kamar da tausayi. Ta ce, "Maman Edna, ban ce ƙarya kike ba. Amma kukan nan na taɓa ganinsa, kuma ban san yadda zan bambanta su ba. Ke kin sani?"

Regina ta kauce ta ba ta hanya.

Cikin makon Madam Hellen ta aiko a kira ta. Wannan karo an shigar da ita falo. Endurance ya daina cin abinci a gida, in ji uwarsa, ita kuma ba ta son ta rasa ɗa. Don haka ta yarda a yi aure, da sharaɗi. Edna 'yar Gershon ce, gidan Gershon ne za su ba da ita. Gwaggonta Jacinta, ƙanwar marigayi, ita za ta zauna a kujerar uwar amarya, ita za a kira a lasifika, ita za ta shiga hoto. Baƙin Jos za su zo, ba a so a gane fuska, biki ya koma wani abu.

"Ni fa?"

"Ki yi mata addu'a daga gida."

Regina ta ce, "A bar ni in yi girki. A baya, inda ba mai gani. Ba zan iya zama a ɗaki wata ta dafa abincin auren 'yata ba."

Madam Hellen ta yi tunani ta ce wannan ba laifi.

Edna ta ce ba ta yarda ba, ta fasa auren. Regina ta zaunar da ita a bakin gado, ta yi mata magana da muryar da ba ta taɓa yi mata ba. Ta ce rumfa ta riga ta mutu, suna ya riga ya tafi, in auren ma ya tafi to a kan me ta yi duk wannan? Ta ce, "Kujera ce kawai. Jacinta ta zauna, ai ba ita ta haife ki ba." Edna ta kifa kai a cinyarta. Ba ta ce ta yarda ba, amma ba ta sake cewa ta fasa ba.

Ranar biki Regina ce ta yi wa amarya addu'a a ɗaki, ta gyara mata mayafi, ta raka ta har bakin ƙofar gida. Jacinta ta kama hannun yarinyar, ta kasa haɗa ido da matar wanta. Mota ta tashi. Regina ta koma ciki ta sa tsohon zani, ta ja ɗankwali har goshi, ta bi ta bayan layi zuwa filin makarantar da za a yi liyafa.

An kafa murahu a bayan azuzuwa. Masu girkin an ɗauko su ne daga wajen Kachia. Ta gaishe su ta karɓi tukunyar shinkafa mafi girma. Can da rana ta ji ganguna sun shigo fili, ta ji mai lasifika yana kiran uwar amarya ta fito ta taka, ta ji guɗa. Ta ƙara itace a wuta.

Wata dattijuwa da ke yanka albasa kusa da ita ta ce, "Amaryar nan kyakkyawa ce. 'Yar wane gida ce?"

"'Yar Gershon ce, na reluwe. Malamar makaranta ce."

"Allah sarki. Na ji ana cewa wadda ke rawa can ba ita ta haife ta ba. Wai uwar ita ce matar nan ta cikin waya, mai cinye maza."

"Haka ake faɗi."

"Yarinya ta yi sa'a da suka karɓe ta. Ke kin san uwar?"

Regina ta ɗaga murfin tukunya, tururi ya rufe mata fuska. Ta ɗanɗana, ta ce, "Na san ta. Miƙo mini gishirin nan, za a fara rabo."